Masu Raka Marasa Lafiyar Daji a Ƙasar Kurfai

Aikin jagorar mai ciwon daji, wato a bi da shi daga gwaji har magani ba tare da ya ɓace a hanya ba, ya samu tsari a 1990, lokacin da Dakta Harold Freeman ya kafa shi a asibitin Harlem da ke Amurka. A 2007 aka buɗe cibiyar horar da masu yinsa.

A Filinge da ƙauyukan Kurfayawa, waɗanda suka fi kusa da wannan aiki su ne 'yan sa-kai na lafiya da gari ke zaɓa. Horonsu ya fi karkata ga zazzaɓin cizon sauro, gudawa da ciwon haƙarƙari na yara, amma su mace ke iya faɗa wa cewa ta ji ƙullutu a nono. Su ke lallashin maigida ya yarda a tafi, su tura ta asibitin gunduma, daga can a bi ta Baleyara zuwa Yamai, kusan kilomita 180 daga Filinge, inda Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta fara gashin haske a 2021.

A Yamai takardu da Faransanci suke, titi kuwa Zabarmanci ya fi yawa. Ɗan sa-kai da ya yi rakiya ke fassara, ya riƙe ranar komawa, ya nemo masauki wurin dangi. Ba ya rubuta magani, ba ya yanke hukunci kan ciwo. Ya cancanci horo kan alamomin farko da riƙe sirrin majinyaci, da takardar shaida da asibiti zai girmama.