Jinjina ga Yuzuru Hanyu, Gwanin Zamiya a Kan Ƙanƙara

Ranar 11 ga Maris 2011, lokacin da girgizar ƙasa ta afka wa gabashin Japan, Yuzuru Hanyu yana atisaye a filin ƙanƙara na garinsu Sendai. Da takalman wasan a ƙafarsa ya fice waje, ya yi kwanaki a sansanin waɗanda bala'in ya raba da gidajensu. Shekararsa 16 a lokacin, ga ciwon asma tun yana ƙarami.

Shekara uku bayan haka ya ɗauki zinare a gasar Olamfik ta Sochi. Amma abin da ya fi ratsa ni shi ne abin da ya faru a wata gasa a Sin a Nuwamba 2014. Ana ɗumama jiki suka yi karo da wani ɗan wasa mai suna Yan Han, jini na zuba. Aka ɗaure masa kai da bandeji, ya koma kan ƙanƙara. Sau biyar yana faɗuwa yana tashi, har ya kammala ya zo na biyu.

A 2018, bayan rauni a idon sawunsa na dama, ya sake lashe zinare a gasar Olamfik ta PyeongChang. Rabon da namiji ya yi haka a jere tun Dick Button na Amurka a 1952.

A gasar Olamfik ta Beijing a 2022 ya gwada tsallen Axel mai juyi huɗu da rabi, wanda ba wanda ya taɓa cin nasararsa a gasa a lokacin. Ya faɗi, ya ƙare na huɗu. A Yulin shekarar ya bar gasa. Hanyu, sai dai mu ce sannu da ƙoƙari, ka cika gwani.