Gidan Ɗan Hausa Da Ɗakunanmu Na Bulo

'Yan uwana mata, duk wadda ta taɓa kwana ɗakin haya na bulo da kwano a Sharaɗa cikin bazara, ta daure ta leƙa Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, mazaunin Bature Hanns Vischer da ya buɗe makarantar boko a 1909. Ginin tubali ne, bango mai kauri, rufin azara, ga zankwaye a saman soro. Da tsakar rana na shiga, wallahi sanyi kamar cikin randa. Inda ya gaza a wurina shi ne tagogi, ciki ba wadataccen haske, mai tsintar shinkafa sai ta fito waje. Ga shi ginin ƙasa yana son yaɓe kafin kowace damina, kuɗin da mai gidan hayarmu ko mutuwa zai yi ba zai fitar ba.