Takardar Budafes da Rantsuwar Gibeyon

A watan Disamba na 1994, a birnin Budafes, Rasha da Amurka da Birtaniya suka yi wa ƙasar Yukren alkawari a rubuce. Suka ce za su girmama iyakokinta, ba kuwa za su kai mata yaƙi ba, in ta rabu da makaman nukiliyar da ta gada daga Tarayyar Sobiyet. Yukren ta cika nata, a 1996 aka gama kwashe su zuwa Rasha. A 2014 Rasha ta ƙwace Kirimiya, a 2022 kuma ta auka wa ƙasar da yaƙi.

Joshuwa, ko da yake Gibeyonawa sun yaudare shi, bai ta da rantsuwar da aka yi musu ba. Sa'ad da Saul ya karya ta, aka yi yunwa shekara uku a zamanin Dawuda.

Laifin Rasha a fili yake. Amma takardar ma da rauninta, gama ba ta wajabta wa kowa ya kawo ɗauki ba. Iyakarta a zauna a yi shawara, ko a kai ƙara Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda Rasha kanta take da ikon hana a zartar da kome.