Ina Daren Ya Shiga? Sharhi Kan Yadda Kyamararmu Ke Ɗaukar Dandali

Mai karatu, ɗauko kowane fim ɗin Hausa da ka ga dama, na kaset ne ko na faifai ko wanda ake sakawa a YouTube yanzu, ka nemo fitowar da aka ce wai dare ne a dandali. Abu biyu za ka tarar, da wuya ka samu na uku. Ko dai ka ga duhu ɗunɗum, sai fararen idanu da haƙora ke yawo kamar a tatsuniyar Dodo, ko kuma ka ga an dallare wurin da fitila tamkar ana tiyata a asibiti, fuskar jaruma ta yi fari fat, inuwarta ta miƙe a jikin bango ta fi ta tsawo. A duka biyun an rasa abin da aka fito nema, wato shi kansa daren.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin rabin nishaɗin Bahaushe da dare yake yin sa. Rana ta noma ce da kasuwa da neman inuwa. Sai an yi sallar lisha, iska ta fara kaɗawa, sannan gari ke buɗewa: 'yan mata a dandali, samari a teburin mai shayi, makaɗa a ƙofar gidan biki, yara da tashe daga goma ga watan azumi, kalankuwa bayan an kai amfanin gona gida, mawaƙan bege a daren Mauludi. Hatta sinima da dare ta zo mana. Turawan mulkin mallaka sun kafa sashen finafinansu a 1939, kuma motar majigi ce ke shiga ƙauyuka, a kafa farin allo a fili, a jira duhu ya yi, sannan a nuna wa manoma irin su Baban Larai. Ashe ke nan fim da dare tagwaye ne a ƙasar Hausa. To me ya sa fim ɗinmu ya kasa ɗaukar ɗan'uwansa?

Bari mu fara yi wa 'yan fim adalci. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, kyamarar bidiyon da ake da ita ta ɗaukar biki da suna ce, ba ta gani sai da haske mai yawa. Furodusa na ƙirga kwanaki, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai na jiran kaset, NEPA ta ɗauke wuta, janareto na ruri har ya danne maganar 'yan wasa. A irin wannan hali darakta ba ya da zaɓi, sai ya kafa fitila ɗaya mai ƙarfi a bayan kyamara ya ce a fara. Wannan uzuri ne karɓaɓɓe a zamaninsa. Amma tun daga 2008, da kamfanin Canon ya fitar da 5D Mark II, aka shiga zamanin ƙananan kyamarori masu gani cikin ƙarancin haske. A 2014 Sony ya kawo A7S, wadda ke iya ɗaukar fuskar mutum a hasken wata. Kayan aiki sun canza, ɗabi'ar ce ta ƙi canzawa. Har gobe za ka ga matashin darakta da kyamara mai tsada a hannu, amma yana haska dandali irin yadda ubangidansa ya yi a zamanin Sangaya.

Ga inda gizo ke saƙar. Haske yana da wata ƙa'ida da ba ta jin lallashi: in ka ninka nisa, ƙarfinsa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda ke tsaye mita 2 daga fitila yana samun ninki 4 na hasken wanda ke mita 4, da ninki 9 na wanda ke mita 6. Saboda haka duk wanda ya ɗora fitila a kan kyamara, ko ya kunna filashin waya, ya riga ya yanke hukunci: na gaba zai ƙone, na baya zai ɓace. Shi kuwa dandali daɗinsa a taron yake, da da'irar 'yan kallo, da tsohuwar da ke leƙe ta katanga, da yaron da barci ya sace a jikin buhu. Filashi ba ya kaiwa gare su. In kuma lokacin hunturu ne, ƙurar da masu rawa suka tayar ita ce za ta fara cafke hasken, sai hoton ya fito da ɗige-ɗige kamar an watsa masa gari.

Abin takaicin shi ne dandali da haskensa yake zuwa. Akwai aci-balbal ɗin mai ƙosai, akwai garwashin mai tsire da ke jan fuska ta yi ja, akwai fitilar ƙwai, akwai cocilan, yanzu kuma ga 'yan fitilun sola masu fari-fari a kowane teburi. Kowane ɗaya da launinsa, kuma haɗuwarsu ce ke sa mutum ya ji a jikinsa cewa dare ne. Aikin mai ɗaukar hoto shi ne ya zagaya ya ga inda hasken ke faɗuwa, ya tsaya a gefensa, ya jira mai rawa ya shigo ciki. In ma zai ƙara fitila, ya kai ta gefe ko bayan taron, ya rage mata ƙarfi, ta zana gefen fuska da kafaɗa ta bar sauran. Wani zai ce ai wannan sai Turawa. To Baturen ma wahala ya sha. Da Stanley Kubrick ya so ɗaukar wasu fitowa na Barry Lyndon, fim ɗinsa na 1975, da hasken kyandir kaɗai, sai da ya nemo gilasan kyamara da kamfanin Zeiss ya ƙera wa hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. Abin da ya sha wuya a kansa, yau kyamarar haya a Titin Gidan Zu tana yin kusan irinsa. Saura niyya.

Kada masu waya su ce ba da su ake ba. Tun daga 2018 da 2019 wayoyi suka zo da tsarin ɗaukar dare, inda waya ke ɗaukar hotuna da yawa cikin 'yan daƙiƙoƙi ta haɗe su wuri guda. Wannan yana yi wa masallaci ko ƙofar fada kyau, tunda ba sa motsi. Amma mai kalangu hannunsa ba ya jiran kowa, sai ya fito kamar hayaƙi. Ƙari a kan haka, wayar tana ƙoƙarin mai da dare rana ne, ta share duhun da ya kamata a bari. Duhu a hoton dare kamar shiru ne a cikin waƙa, in ka cire shi kiɗan ya zama hayaniya.

Laifi na biyu ya fi na haske girma. Kyamararmu ba ta iya kallon mutane ba tare da ta tsayar da su ba. Da zarar mai bidiyo ya shigo fili da fitilarsa, wasa ya mutu, an koma wasan kwaikwayo. 'Yan mata su gyara mayafi, samari su ɗaga yatsu biyu, maroƙi ya juyo da bakinsa wajen kyamara. Shi kuma mai ɗauka ya san wanda ya biya shi, don haka sai ya bi Alhaji mai liƙi da babbar riga, ya manta da makaɗin da ya jiƙe da zufa. Ka duba bidiyon biki goma, za ka san wa ya zo da wa ya yi liƙi, amma ba za ka san ko an ji daɗi ba. Finafinai ma sun gaji wannan. Taron dandali a fim yakan zama mutum ashirin da aka jera a layi suna tafi ba tare da sun san abin da suke yi wa tafin ba. Su ma marubutanmu na littafi ba su tsira ba. Sau nawa ka karanta an yi shafi uku ana lissafa leshi da sarƙar amarya a wajen dina, amma daren ƙauyen da jarumar ta fito an sallame shi da layi ɗaya?

In kana son ganin yadda ake yi, ba sai ka je Turai ba, leƙa Bamako. Malick Sidibé, mai ɗakin hoto a unguwar Bagadadji, ya shafe shekarun 1960 yana bin wuraren rawar matasa da dare, ya koma ya wanke fim kafin gari ya waye, ya manna ƙananan hotunan a jikin kwali don masu su su zo su zaɓa. Shahararren hotonsa na 1963, wanda ake kira Daren Kirsimeti, saurayi ne da budurwa, wa da ƙanwa, suna rawa a tsakar fili. Goshinsu ya kusa haɗuwa, dukansu suna kallon ƙafafunsu, ita ko takalmi babu. Babu wanda ya kalli kyamara. Lura fa, Sidibé da filashi ya yi aiki, irin wanda muka gama kushewa. Bambancin shi ne ya matso kusa yadda hasken zai wadaci mutum biyun, ya bar duhu ya kewaye su, kuma ya jira har suka manta da shi. Sun manta da shi ne don sun san shi, gayyatarsa suke yi, kuma sun san gobe hoton hannunsu zai dawo. Wannan aiki ne ya kai shi ga lambar Hasselblad a 2003, da Zakin Zinare na bikin fasaha na Banis a Italiya a 2007, kafin rasuwarsa a 2016. A nan kusa da mu ma, Philippe Koudjina ya yi irin wannan a Yamai, shi ya sa har yau ake iya ganin yadda daren babban birnin Nijar yake bayan samun 'yancin kai. Mu fa? Wa ya ajiye mana daren Sakkwato ko na Gusau na waɗannan shekarun?

Wannan ya kawo mu laifi na uku, wato amana. Duk wanda ya san masana'antar fim ta Kano ya san abin da hoton waya guda ɗaya ya jawo a 2007: an dakatar da aikin fim na watanni, Hukumar Tace Finafinai da aka kafa a 2001 ta tsananta dokoki, mutane da yawa suka rasa abinci. A lokacin daga waya zuwa waya hoto ke tafiya. Yau kuwa yarinya za ta taka rawa a bikin ƙawarta a ƙauye, a gaban iyaye da dangi inda babu abin kunya, kafin asuba wani ya sa ta a TikTok da waƙar da ba ita aka kaɗa ba, baƙi dubu suna zaginta. Aure na iya mutuwa a kan haka. Shi ma mai liƙin ba tsira ya yi ba, domin dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta haramta liƙin naira, da hukuncin ɗaurin wata 6 ko tarar naira 50,000 ko duka biyu, kuma a 2024 an ga kotuna sun hukunta mutane da hujjar bidiyon biki. Kasancewar taro a fili yake bai mai da fuskar kowa kayan gwanjo ba. Sashe na 37 na tsarin mulki ya kare sirrin ɗan ƙasa, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023, amma tun kafin su al'ada ta riga ta faɗa: baƙo ba ya shiga gida sai da sallama. Ka gaida mai unguwa, ka nemi izinin mai biki, wadda ta kau da kai ka sauke kyamara.

Me ya sa maganar ta zama ta gaggawa? Ɗauki Kebbe, can ƙuryar kudancin Jihar Sakkwato, maƙwabciyar Tambuwal, inda iyakar Kebbi da ta Zamfara suka matso. Ƙasar manoma ce da makiyaya, irin wuraren da kaka ke zuwa da kiɗa da dambe da kokawa. A 'yan shekarun nan hare-haren 'yan bindiga sun addabi ƙauyukan wannan yanki, kamar yadda suka addabi sassa da yawa na Arewa maso Yamma. Inda ake kwana da ido ɗaya, wa zai kafa kalangu har tsakar dare? Biki ya koma na la'asar, kowa na sauri ya shige gida. A irin wannan wuri ma hoton da ke nuna wa ya yi liƙi da yawa na iya zama jagora ga mugu, wanda hakan wani dalili ne na kau da kyamara daga aljihun mutane. Birni ma bai tsira ba, don a Kano 'yan sanda sun sha dakatar da tashe saboda 'yan daba. Ga kuma wayar hannu da ta zaunar da yara a ɗaki. Dandali yana janyewa a hankali, mu kuma ba mu da ajiyarsa. Yaron da aka haifa a Kuchi ko Margai a wannan zamani zai iya girma bai san yadda garinsu ke kasancewa a daren farin wata ba, in ya nema a fim kuma ya tarar da mutum ashirin a layi suna tafi.

Don haka kira na ga daraktoci da masu ɗaukar hoto, musamman 'yan Sakkwato da Kebbi da Zamfara da suka san waɗannan garuruwa: inda duk aka samu lafiya har aka kafa wasa, a je, amma a je da ladabi. A isa tun da sauran rana, a zauna a sha fura da mutane har su saba da kyamarar. A kashe babbar fitila, a bar ta mai tsire ta yi aikinta. A juya wajen 'yan kallo, domin fuskar mai kallon dambe ta fi naushin ba da labari. In an gama kuma a mayar wa mutane hotonsu, kamar yadda Sidibé ke yi. Kai kuma mai kallo, kana da naka aikin. In aka nuna maka rana aka ce dare ne, ka yi magana, don ɗan kasuwa abin da ake saye yake kawowa.

Allah ya dawo mana da zaman lafiya, dandali ya sake cika, ya kuma ba mu masu idon da za su ɗauke shi yadda yake. Amin.