Kunta Kinte Ne Da Suna, Kizzy Ce Da Aiki

Duk wadda ta kalli fim ɗin Roots ba ta rasa share hawaye da bakin zani. Alex Haley, baƙar fatar Amurka, shi ya fitar da littafin a 1976, aka mai da shi fim a 1977. Labarin Kunta Kinte ne, saurayi Musulmi daga Jufure ta ƙasar Gambiya, wanda aka kama a 1767 aka sayar a Amurka. Suka sa masa suna Toby, da ya yi ta gudu suka datse masa rabin ƙafa.

To amma kar mu ɗauke shi kamar karatun tarihi tsantsa. Masana sun bi takardun zamanin, sun ga shekarun da Haley ya jera ba su haɗu ba. A 1978 ma sai da ya biya wani marubuci, Harold Courlander, diyya saboda sassan da aka kwaso daga littafinsa. Abin da babu tantama shi ne bautar kanta: a 1860 bayi kusan miliyan 4 ne a Amurka, kuma sai da aka gwabza yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865 kafin a hana ta.

Ni ƙorafina daban ne. Kowa Kunta, Kunta. Wa ya riƙe labarin? 'Yarsa Kizzy, wadda aka raba da iyayenta, ubangida ya yi mata ciki da ƙarfi. Ita ta zaunar da ɗanta tana faɗa masa sunan kakansa da kalmomin yarensu. Ba don ita ba, ina wani Roots? Amma marubucin na gama ba ta 'yan babuka ya koma kan ɗanta George da zakarun faɗansa.

Haka namu na gida, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yaron da aka sace ya zama babban malami, sunansa ne a bango. Uwar da ta bi sawunsa har Murzuk da Tarabulus, aka yaudare ta aka sayar, ita ta sha wuyar, tana ganinsa kuma ta cika. Wahalarta ta fi ƙarfin shafukan da aka ba ta.

Mu nan Barkiya da Kurfi da Dutsin-Ma, kar mu zaci abin na ƙetare ne. Ayarin Katsina ya ratsa Sahara da mutane, kuma sai a 1936 doka ta kashe bauta gaba ɗaya a Arewa. Yar uwa, in kina da kaka a ɗaki, ki zauna ki tambaye ta sunan kakarta da garin da ta fito, ki rubuta ko a bayan littafin cefane ne. Ba don gori ba, don 'ya'yanki.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu dace. Amin.