Masu Koya wa Kwamfuta Lissafin Kasuwa

Mai POS da ke zaune ƙarƙashin lema a Pen Cinema da ke Agege a Legas, da Alhajin da ke danna lambobi a ƙaramar waya ya tura kuɗin goro Kano, duk suna cin gajiyar wani da ba su taɓa gani ba, wato mai rubuta manhaja.

Kwamfuta ba ta da kara, ba ta kuma gane shaguɓe. Abin da ka rubuta mata shi za ta yi, ba ragi ba ƙari, kuma a nan gwanintar take. Ɗauki dillalin da ke ba mahauta shanu bashi a mayankar Oko-Oba da ke Agege. Komai a kansa yake: wane ya biya rabi, wane sai ya sayar da nama, la'adar wane ba ta fita ba. Aikin mai manhaja shi ne ya zauna da shi, ya warware wannan sani daki-daki. Idan mahauci ya kawo wani abu, a cire daga bashinsa. Idan mako ya cika bai leƙo ba, a tura masa saƙo. A maimaita wa kowa, ko da su dubu ne. Ɗan koyo a nan yake tsayawa. Gwani kuwa sai ya ci gaba da tambaya: in mutum biyu sunansu Sani fa? In kuɗi ya bar asusun mai saye, sabis ya ɗauke kafin ya shiga na dillali fa?

Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurinsu wajen farautar kuskure. A Python, yaren rubuta manhaja da Guido van Rossum ya fitar a 1991, layi ɗaya ya goce daga sahunsa da 'yar tazara, aiki ya tsaya cak. Sai ka ga yaro ya ƙura wa allo ido, yana bin layi-layi da yatsa har ya kamo shi.

To, dole ne kowa ya koya? Ni dai ban ga haka ba. Mai fawa ya riƙe fawarsa. Amma rashin namu, mu Hausawa, a fagen asara ce. A wannan Legas ɗin aka kafa kamfanin masu manhaja na Andela a 2014, a nan Shola Akinlade da Ezra Olubi suka gina kamfanin biyan kuɗi na Paystack, wanda kamfanin Stripe na Amurka ya saya a 2020. Kasuwar kwamfuta ta Computer Village da ke Ikeja ma ga ta nan kusa da Agege. Sai dai mai manhaja a unguwar Yaba ta Legas, komai ƙwarewarsa, da wuya ya san yadda ake ƙulla cinikin shanu da baki kawai, ko yadda adashen matan unguwa yake zagayawa. Yaron Zangon Agege da ya tashi cikin wannan ya riga ya mallaki rabin aikin. Python kyauta ne, ana ma iya fara gwada shi a wayar Android kafin a samu kuɗin tsohuwar kwamfuta.