Gwanin Bakin Fulogi

A gefen titin Gusau zuwa Sakkwato, inda ya ratsa Talata Mafara, idan aka kawo Golf ko Corolla tana karkarwa tana shan mai, gwanin bakanike ba ya gaggawar buɗe inji. Fulogi yake fara kwancewa. Sai ya ɗaga shi sama ya ƙura wa bakinsa ido a hasken rana. In bakin ya yi ruwan ƙasa, wuta na ci daidai. Baƙin hayaƙi busasshe na nufin fetur ya rinjayi iska. In kuwa ya jiƙe da baƙin mai, to maganar ta wuce fulogi, wataƙila ringi ne ya gaji.

Daga nan sai tazara, kuma a nan ake gane wanda ya iya. A bakin fulogi akwai ɗan tsinken ƙarfe a tsakiya, da wani lanƙwasasshe da ya sunkuyo a kansa. Batir bolt 12 yake bayarwa, kwayil ya ninka shi zuwa dubu 20 ko fiye, don wuta ta tsallake wannan ɗan giɓi ta kunna fetur. Giɓin ya yi faɗi, wuta ta kasa tsallakawa idan an taka mota da kaya, inji ya riƙa misin. Ya yi ƙunci, tartsatsin ya fito ƙarami, mai ya ƙi ƙonewa duka, direba ya yi ta zuba kuɗi a gidan mai. Kuma giɓin yana ƙara buɗewa da kansa, domin kowane tartsatsi yana ɗan cin ƙarfen.

Tsohuwar Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, milimita 0.6 take so. Tsoffin hannu kan auna ta da guntun zarton ƙarfe, don kaurinsa kusan haka yake. Motocin Japan da yawa na baya-bayan nan 1.1 suke so, shi ya sa za ka ga 11 a ƙarshen lambar wasu fulogin NGK.

Hannun gwani wajen auna tazarar nan ne ke burge ni. Gwani zai zura filageji, wato siraran ƙarafan awo, ya ja a hankali yana sauraron yatsunsa: kada ya wuce salin-alin, kada ya cije, sai ya ɗan goga. Lanƙwasasshen ƙarfen kaɗai yake taɓawa, ya ɗan ƙwanƙwasa, ya sake aunawa. Tsinken tsakiya da farin tangaran da ke kewaye da shi ba ya kusantarsu, musamman fulogin iridiyom mai siririn baki, wanda ɗan matsi ke karyawa.

Ba mota kaɗai ke cin moriyar wannan ba. Tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978, noman rani ya zama jigon rayuwar Mafara da Bakura da Maradun, kuma ƙananan injinan ban-ruwa sun cika fadamu. Irin Honda GX160 tazarar milimita 0.7 zuwa 0.8 yake buƙata. Manomi ya ja igiya har kafaɗa ta yi tsami, shinkafa na jiran ruwa, ya ɗauko injin a bayan babur yana tsoron za a ce ya mutu. Bakanike ya goge fulogi, ya gyara bakin, ya ɗaura da hannu kafin ya sa sifana, ya ce, "Baba, ja mu gani." Ja ɗaya inji ya kama.